Khalti Tuda, Mai Kwasar Rassan Tuffa

Da zarar sanyi ya kama, maza suka fara yi wa itatuwan tuffa aski, za ka ga Khalti Tuda a bayansu. Takan fito da sassafe da igiya ɗaure a ƙugu da guntun gurasar sha'ir a cikin mayafi. Ba ta riƙe almakashi, ba ta hawa tsani. Aikinta shi ne abin da ya faɗo ƙasa. Masu aski su datse su wuce itace na gaba, ita kuma ta duƙa ta tattara rassan, ta ɗaure, ta goya, ta kai gidan mai lambu don a hura tanderu. A cikin dami biyar ɗaya nata ne. Haka take yi a nan Taghzut tun kafin a haife ni, fiye da shekara arba'in. Kowa Khalti, wato inna, yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne nawa. Ba ta ɗaukar reshe sai ta juya shi, ta kawo shi kusa da ido. Masu aski sukan yi mata tsiya daga kan tsani.

"Khalti, zinariya kike nema a ciki?"

"Hankalinku nake nema. An ce min a nan ya faɗi."

Wani lokaci takan ware reshe ɗaya ko biyu ta cusa a mayafinta. Ba wanda ya taɓa tambayarta dalili. Ni ma ban taɓa ba.

Bana ta ce ta ajiye igiya, idonta ya daina gani sosai. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ta yi mana, tunda a gaban mutane bakina ba ya buɗuwa. Sai dai in faɗi gaskiya tun yanzu, akwai abubuwa a cikin labarin nan da har yau ban gane su ba. Zan faɗe su yadda na gan su.

Mahaifina Zayid ya rasu ya bar mana itatuwan tuffa sittin, ni da mahaifiyata. Ba mu da tumaki, ba mu da gonar alkama. Itatuwan nan su ne abincinmu. A shekarar farko bayan rasuwarsa ulu ya kama su. Haka muke kiran wannan darɓar da ke lulluɓe kanta da farin gashi, ta manne a reshe tana tsotsa har wurin ya kumbura ya tsage. Idan ka murje ta da yatsa sai ka ga ja kamar jini. Ƙanen mahaifina, Ammi Bassu, wanda lambunsa ke manne da namu, ya kawo famfonsa ya yi mana feshi har sau uku. Duk lokacin da ya fesa sai ulun ya lafa kwana kaɗan, sannan ya dawo ya fi da. Da kaka ta yi, tuffarmu ta fito ƙanana, masu danƙo, da baƙin datti a jiki. Mai mota da ya zo daga Midelt ya ɗaga ɗaya ya duba, ya mayar, ya wuce.

Ulun ya tsallaka zuwa lambun Ammi Bassu, ya shiga na wasu mutum biyu. Sai aka kai maganar gaban dattawa. Amghar Addi, shugabansu, ya aiko wa mahaifiyata da hukunci: an ba mu zuwa tsakiyar zafin shekara mai zuwa. In dattawa suka zo suka tarar ulun yana nan, za a tumɓuke itatuwan duka a ƙone, don kada gari ya rasa nasa. Ba mugunta ba ce. An taɓa yi wa wasu haka.

Khalti Tuda ta zo kwasar rassanmu a cikin sanyin nan. Kwana biyu ina binta a baya ina taya ta ɗauri, na kasa cewa komai. A rana ta uku ita ce ta juyo.

"'Yar Zayid, in ba magana za ki yi ba, ki daina taka min igiya."

Na ce, "Khalti, ai ulun ya mutu, ko? Ban ga ko ɗaya ba tunda ƙanƙara ta sauka."

Ta ce in miƙo fartanya. Ta share ƙanƙarar da ke gindin wani itace, ta tona kamar kamu ɗaya, ta jawo wata saiwa. Saiwar duk ƙulli ce, kamar yatsun tsohuwa. A tsakanin ƙullin akwai wasu ƙananan abubuwa masu launin toka, a dunƙule.

"Ga su. Ɗaki suka shiga, kamar yadda ku ma kuka shiga. Wasu suna nan, wasu suna cikin tsagar ɓawo. Ranar da kika ga itace ya fara toho, 'ya'yan za su kama hawa da ƙafa. Inda almakashi ya yanka nan suke fara sauka."

"To ina ƙwansu, mu fasa?"

"Wane ƙwai? Haihuwa suke yi, kamar akuya."

"Mazan fa?"

"Babu."

Na ɗauka zolayata take yi don ta ga ina jin kunya. Can na ce, ƙasa-ƙasa, "Khalti, ai ba a haihuwa babu namiji."

"Ki duƙa ki gaya musu. Mace ta haifi mace, ita ma kafin ki saƙa kamu biyu na darduma ta fara haihuwar tata. Haka har sau goma ko fiye kafin sanyi ya dawo. Da kaka wasu su yi fiffike su tashi. Wani malamin gona ya taɓa ce min a lokacin ne kaɗai ake samun maza, 'yan ƙanana, ba su da ko baki, kwana kaɗan su mutu. Ni dai ban taɓa gani ba. Namiji marar baki, 'yata, ai da na gani da na sake aure."

Na koma gida kaina ya ɗaure. Na gaya wa mahaifiyata, ta ce in yi istigfari in daina maimaitawa.

Washegari Khalti ta kira ni gidanta. A ƙarƙashin rufin zaurenta, ta gefen da rana ba ta bugawa, akwai ƙananan damuna na rassa a soke. Su ne waɗanda take cusawa a mayafi. Ta zaro ɗaya ta nuna min. A jikinsa akwai ulu, amma ƙwarin da ke ciki ba toka-toka ba ne, baƙaƙe ne, masu tauri, kamar an yayyafa habbatussauda.

"Farin, in reshe ya bushe, yunwa ta kashe shi. Baƙin nan kuwa ba mushe ba ne. Akwai mai barci a ciki."

"Wa?"

"Wanda ya cinye shi."

Ban gane ba, kuma ban iya sake tambaya ba. Abin da na riƙe shi ne sharaɗin da ta kafa min: ba feshi, ko sau ɗaya, ko wa ya ce.

Da itatuwa suka fara fure ta kwaso damunan duka, abin da ta tara a sanyi guda, ta kawo lambunmu. Muka rataye su a rassa. Igiya ba ta isa ba, sai ta ce in ɗauko ragowar zaren da ke jikin masaƙar mahaifiyata. Ja ne ya rage. Da shi muka ɗaure. Ta fi sawa a layin da ke kan iyaka, domin nan ulun ya fi yawa.

A nan muka yi kuskure, mu biyu. A garinmu duk wanda ya ga abu a ɗaure da jan zare yana lilo a kan itace, ya san abin da zai zo masa a rai. Ammi Bassu ya fito ban-ruwa ya ga damuna suna kallon lambunsa. Kafin labari ya zo mana ya tsige su duka ya tara ya cinna wuta. Muka tarar da shi a tsaye a kan tokar.

"Ni za ku yi wa sammu? Ku kora min cutarku da asiri? Ni da na saɓa famfo a bayana sau uku saboda ɗan'uwana?"

Mahaifiyata ta fara rantsuwa. Khalti Tuda ta tsuguna ta tona tokar da tsinke, ta duba ko wani reshe ya tsira. Babu. Ta miƙe ta kakkaɓe hannu.

"Bassu, na goya ka a bayan nan da nake goya itace. Da asiri na iya, da tun a lokacin na yi maka na hankali."

"To mene ne kika rataye?"

"Ma'aikata. Ka ƙone su suna barci."

Ya ce tsufa ya fara taɓa ta. Ni ma, Allah Ya yafe min, na yi wannan tunanin a raina.

Khalti, ke ce kika tafi gidan Amghar a ranar kika ari alfadari. Ba ki gaya mana ba. Sai daga baya matarsa ta ba mu labari. Kin ce a can sama, kusa da dutsen Ayyashi, akwai tsohon lambun da masu shi suka koma birni suka bari, ba a taɓa fesa shi ba, kuma sanyi yana daɗewa a can, don haka masu barcin ba su farka ba tukuna. Tafiyar yini guda ce. Kina da shekara kusan saba'in, gwiwarki tana kumbura in kin daɗe a tsaye. Kin kwana biyu. Kin dawo da rassa cike da mangala, fuskarki ta tsattsage don iska. Abin da kika fara cewa shi ne, "Wannan karon a ɗaure da bawon itace. Kada in ƙara ganin zare."

Muka ɓoye su a cikin rassa inda ba a gani daga iyaka. Daga nan sai jira.

Jiran nan ne ya fi komai wuya, domin abin gaba ya yi, ba baya ba. Furanni suka zube, 'ya'ya suka ƙulla, ulu ya hau kamar yadda ta faɗa. Ya fara daga inda aka yanka, ya bi sababbin rassa, ya cika gindin ganye. Lokacin da aka fara yankan sha'ir, lambunmu daga nesa kamar an shanya gashin tumaki a kai. Ammi Bassu yana fesa nasa duk sati biyu, nasa ya fi namu kyan gani. Mata a wurin ɗiban ruwa sukan yi shiru in na iso. Mahaifiyata ta daina shiga lambun gaba ɗaya.

Wata rana da hantsi na kasa daurewa. Na je na ari famfo a wurin maƙwabta, na haɗa magani, na kai shi bakin lambu. Na koma ɗauko mayafin rufe hanci. Da na dawo na tarar da Khalti Tuda zaune a kan famfon, ta miƙe ƙafa tana cin gurasa.

"Kujerar nan ta yi min daidai," in ji ta. "Ta wa ce?"

Sai kuka ya zo min. Na ce, "Khalti, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki dattawa su zo. Dubi itatuwan. Ni ban gane komai ba. Kin ce ba su da maza, kin ce akwai mai barci, ni ban ga kowa ya farka ba."

"Maganin nan kin ga ya taɓa shiga cikin ulun? A kan gashin yake tsayawa ya gangare, kamar ruwa a bayan tunkiya. Wanda yake kashewa shi ne wanda ba shi da riga. Shekara guda baffanki yana kashe muku masu gadi yana barin ɓarayi. Je ki kawo min kofin shayi, na gilashi."

Na kawo. Ta zaga ta zaɓi wani ɗan reshe, ta buɗa ulun da farce ta nuna min: a cikin masu rai akwai baƙaƙe guda huɗu ko biyar, sababbi. Ta karya reshen ta sa a kofin, ta rufe bakin da ƙyalle.

"Ajiye a taga. Ki duba kullum. In sati ya cika ba ki ga komai ba, ni da kaina zan saɓa miki famfon."

A rana ta biyar na ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa suna tsalle a jikin gilashin. Ba su kai ƙwayar riɗi ba. Suna da fiffike, da siririn ƙugu irin na zanzaro. Baƙaƙen ƙwarin da ke kan reshen kuma kowanne da 'yar ƙofa a bayansa, zagayayya, kamar an huda da allura. Na kai wa mahaifiyata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan abin ne zai yaƙi wancan duka?" Na ce ban sani ba. Na mayar da famfon ga masu shi.

Dattawa sun zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Amghar Addi da mutum uku, da Ammi Bassu a bayansu. Har yanzu akwai fari a itatuwan, ko da yake ya yi laushi, yana zuba in iska ta kaɗa. Amghar ya ɗaga kai ya duba, ya girgiza kai. Na ga bakinsa zai buɗe. Sai Khalti ta ce, "Addi, ara min babban yatsanka."

"Me za ki yi da shi, Tuda?"

"Zan mayar maka."

Ta kama hannunsa ta murza yatsan a kan ulu mafi kauri. Ya duba. Babu ja. Sai baƙin ɓawo kamar dusa. Ta ja shi itace na biyu, na uku, har na bakwai. A ɗaya ne kawai aka ga ɗan ja. Sannan, ba ta saki hannun ba, ta tsallaka da shi iyaka zuwa lambun Ammi Bassu, ta ɗaga wani reshe ta ƙasa, ta murza. Yatsan ya fito jawur.

Amghar ya goge hannu a jikin itace.

"Itatuwan Zayid za su tsaya," ya ce.

Ina shirin sakin numfashi sai na ji Khalti ta ce, "Ban da tara na layin ƙasa. Saiwarsu ta gama lalacewa, na tona na gani. In an bar su, nan ulun zai riƙa kwana duk sanyi."

Wannan ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Hukunci ya riga ya faɗi a gefenmu, ita ce ta rage shi da bakinta. A cikin taran akwai wanda mahaifina ya dasa shekarar da aka haife ni. Kwana uku ban je gaishe ta ba. Da aka tumɓuke su na ga saiwoyin, na je.

Bayan haka ne mutane suka fara tune-tune. Lalla Yamna, wadda mijinta ya daɗe a kwance, ta ce shekara da shekaru tana tarar da busassun rassa a soke a tsakanin reshen itatuwanta, tana ɗauka iska ce. Wata ma ta faɗi haka. Duk masu ƙaramin ƙarfi ne, waɗanda ba sa iya sayen magani. Da ma a garin ana cewa lambun gwauraye da marasa lafiya Allah ne ke tsare shi daga ulu. Haka ne. Amma akwai wadda Yake aikowa da mayafi cike da rassa.

Ammi Bassu ya zo gidanta da kaka, da ƙullin sukari a hannu. Ina wurin. Ya daɗe yana zancen ruwa da farashin taki, sannan ya ce, "Khalti, wancan abin… in za a yi min, dole sai jan zare, ko kowane launi ma ya yi?"

Ta kalle ni, na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata.

"Kai naka baƙi za a sa," ta ce. "Amma ba ya ci sai an rataye famfo shekara guda."

A kakar nan ulun ya sake ɓullowa kaɗan a lambunmu, har na ga masu fiffiken da ta faɗa. Na ruga na gaya mata. Ta ce in ƙyale su. Wai in farin ya ƙare ƙaf, masu cinsa za su mutu da yunwa, ranar da ya dawo babu mai tare shi. Ke nan abin da ya kusa raba mu da abincinmu, sai na bar masa wuri a lambuna. Na juya maganar nan a kaina har na gaji. Na bar su dai.

Khalti Tuda, mai duƙawa inda kowa ya wuce, na gode. Itatuwan mahaifina hamsin da ɗaya suna tsaye, kuma bana mai mota bai mayar da tuffarmu ba. Ke ce kika yi wannan, da gwiwa mai ciwo da alfadarin aro, bayan an kira ki mai asiri a gaban mutane. Mahaifiyata ta ce in rubuta cewa tana sa ki a addu'a bayan kowace salla. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa abin da kika yi wa lambunan marasa ƙarfi ya tarar da ke a inda kike bukatarsa.

Ku kuma matan Taghzut, da duk wanda ke da tuffa ko guda ɗaya, aski ya kusa. Bana babu mai bin bayan almakashi tana dubawa, sai in mu ne. Abin da ta sani ba ya cikin takarda, kuma ni rabinsa kawai na kama. Ku ɗauki reshe ku je ku same ta a zaure tun tana iya zama. Ba ta gani sosai, amma tana shafawa da yatsa ta gaya muku na wuta ne ko na ajiya. Za ta yi muku tsiya, za ku fito kanku a ɗaure. Ku koma washegari.